YADDA AKE YANKA HAƘORAN BULON DA EKURU A GIDA

  

Hirarmu ta yau a kan ƙaramin abu ne, amma ƙaramin da ke tsai da babban aiki. Ɗan'uwa, ka san wannan rana. Ruwa ya sauka da dare, da safe ka ɗaure shanu, ka fita da garma. Kunya biyu ka yi, sai bulon ɗin da ke riƙe da bakin garma ya saki. Ka ɗaure, ya ƙi ɗauruwa, sai juyawa yake yi a banza. Haƙoransa sun cinye. Ko kuma kai mai albasa ne a Galmi, motopompi ya tsaya saboda rami ɗaya da ya lalace, ga rana tana dukan shuka. Kasuwa sai bayan kwana uku. Abin da bai kai tsawon yatsa ba ya ci maka kwanaki.

Wannan gyara, mutum yana iya yin sa a gida, in yana da kayan aiki kaɗan. Sharaɗin guda biyu ne: ka karanta lamba kafin ka taɓa ƙarfe, kuma ka yi hanƙuri.

Namiji da mace

Ɗauki bulon ka duba. Za ka ga wani tudu siriri ya naɗe jikinsa, kamar yadda igiya ke naɗe sanda. Shi muke kira haƙori. Ka ga kamar haƙora ne da yawa, amma hanya ɗaya ce take zagayawa tun daga baki har sama. A cikin ekuru ma, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa noti, akwai irin wannan hanya. Bulon shi ne namiji, ekuru ita ce mace. In hanyoyinsu sun dace, sai su riƙe juna.

Kayan yanka haƙori iri biyu ne.

Na farko sunansa taro. Ba taron jama'a ba ne, sunan Faransanci ne da makanikai suka ara. Yana kama da bulon, amma an tsaga masa kwari uku ko huɗu a tsaye. Gefen kwarin shi ne ke yanka, cikin kwarin kuma nan garin ƙarfe ke taruwa. Taro yana yanka haƙori a cikin rami, wato yana yin mace.

Na biyu sunansa filiyer. Yana kama da ekuru mai faɗi, da ramuka kewaye da tsakiyarsa. Shi yana yanka haƙori a jikin sandar ƙarfe, wato yana yin namiji.

Kowanne yana da mariƙi mai hannu biyu. Na taro, makanikai suna ce masa turnagoshi. Ban da su kana bukatar eto, wato matsen da ke riƙe ƙarfe bisa tebur, da magagari, da abin huji da bakunansa waɗanda ake kira meshi, da ɗan mai, da abin awo mai nuna milimetir. Ana samun waɗannan kaya wurin masu sai da kayan ƙarfe a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da kasuwar Katako a Yamai.

Karanta abin da aka rubuta

A wuyan kowane taro, da fuskar kowane filiyer, akwai rubutu. Misali:

M8 x 1,25

Harafin M yana nufin awon milimetir ne. Lamba 8 ita ce kaurin bulon: milimetir 8. Lambar ƙarshe ita ce taki, wato nisan da ke tsakanin haƙori da na kusa da shi. A nan takin milimetir ɗaya ne da kwata. In ka juya bulon sau ɗaya cikakke, iyakar abin da zai shiga ke nan. Ka lura da waƙafi: abin da ke bayansa guntun milimetir ne, bai cika ɗaya ba.

Ga kuskuren da ya fi yawa. Mutum ya je kanti ya ce a ba shi taro 13, don kile 13 ce ke kwance bulon ɗinsa. A'a. Lambar kile, wato sifana, awon kan bulon ce, ba awon jikinsa ba. Bulon M6 yana tafiya da kile 10. M8 yana tafiya da kile 13, amma a moto na Japan sau da yawa kile 12 ce. M10 yana tafiya da kile 17 ko 16, a moto kuma 14. Saboda haka jikin bulon za ka auna, ba kansa ba.

Yaya za ka san taki? Ɗora abin awo a jikin bulon. Fara daga tsinin haƙori ɗaya, ka ƙidaya taki goma. In taki goma sun ba ka milimetir 10, takin 1 ne. In sun ba ka 12 da rabi, takin 1,25 ne. In sun ba ka 15, takin 1,5 ne. Wata dabara kuma: haɗa taro da tsohon bulon gefe da gefe, haƙori cikin haƙori, ka ɗaga su wajen haske. In haske bai ratsa ba, sun dace.

Wannan awo wajibi ne, domin kauri ɗaya yana iya zuwa da taki iri biyu ko uku. M10 na kullum takinsa 1,5 ne. Amma akwai M10 mai taki 1,25, wanda ya yi yawa a moto da mota.

Dalilin da wani bulon ke ƙin wata ekuru

A da, kowace maƙera a Turai tana yanka haƙori yadda ta ga dama. Bulon wannan gida ba ya shiga ekurun wancan. A shekarar 1841 wani injiniya na Ingila, Joseph Whitworth, ya kawo tsari ɗaya bisa awon inci, Ingila ta bi shi. A 1864 William Sellers ya kawo wa Amurka nata tsari, shi ma da inci, amma siffar haƙorin ta bambanta. A 1898 aka yi taro a birnin Zurik na ƙasar Suwis, aka shirya tsarin milimetir. Daga gare shi ne tsarin M ya samo asali, wanda ya fi yawa a duniya yau.

Yawancin kayan da ke hannunmu, na Faransa, da Japan, da Sin, tsarin M ne. Amma tsofaffin injunan Ingila da kayan Amurka suna da haƙoran inci. Inci ɗaya milimetir 25,4 ne. Akwai wani bulon na inci da kaurinsa ya kusan daidai da M8, ido ba ya raba su. Shi yana da haƙora 18 a inci ɗaya, M8 kuwa yana da wajen 20. Zai shiga juyi biyu ko uku, sai ya cije. Mai gaggawa sai ya sa kile ya matsa da ƙarfi, ya kashe namiji da mace gaba ɗaya.

Riƙe wannan doka: bulon mai kyau da yatsu yake fara shiga. In ya cije tun da fari, ba ƙarfi yake so ba, awo yake so.

Bututun ruwa da na famfo suna da nasu tsari, makanikai suna ce masa haƙorin gaz. Taron M ba ya yi musu. Feda ta keke ma haka: yawancinsu awon inci ne, kuma ta hagu haƙorinta na hagu ne, juyin da ke kwance sauran shi ke ɗaure ta. Duba jikinta: L ko G hagu ke nan, R ko D dama ke nan.

Ramin da za ka huda

Taro ba ya huda rami. Sai ka huda tukuna, sa'an nan ya yanka haƙori a bangon ramin. Dole ramin ya gaza kaurin bulon, don a bar naman da za a yanka. Lissafin mai sauƙi ne: kauri, a ɗebe taki.

M6 x 1: shida a ɗebe ɗaya, saura biyar. Meshi 5 ke nan.

Kwafe wannan jeri a littafinka, ko ka rubuta shi a bangon maƙera:

M4 x 0,7 : meshi 3,3
M5 x 0,8 : meshi 4,2
M6 x 1 : meshi 5
M8 x 1,25 : meshi 6,8
M10 x 1,5 : meshi 8,5
M12 x 1,75 : meshi 10,2

In rami ya yi ƙanƙanta, taro zai cije ya karye. In ya yi faɗi da yawa, haƙoran ba za su yi zurfi ba, ranar da ka matsa bulon sai su zube. In ba ka da meshi 6,8, gara ka ɗauki 7 da ka ɗauki 6,5. Ƙarin kaɗan bai cika ɓarna ba, ragin shi ke karya taro.

Ka duba kaurin ƙarfen kuma. A baƙin ƙarfe, zurfin haƙora ya kai kaurin bulon: M8 yana son milimetir 8 ko fiye. Alminiyam yana da taushi, yana son ninki biyu. In falle ne marar kauri, kada ka wahala, haƙora biyu ba su riƙe kome. Kai wa mai walda ya liƙa maka ekuru a bayansa.

Aiki da taro

Taron hannu sau da yawa uku-uku suke zuwa. Na fari bakinsa siriri ne, yana da zobe ɗaya a wuya, shi ke buɗe hanya. Na biyu yana da zobe biyu, shi ke ƙara zurfi. Na uku ba shi da zobe, shi ke gamawa. Bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake sassabe kafin shuka, shuka kafin noma.

1. Matse ƙarfen a eto, kada ya motsa. Buga ɗan tabo inda za ka huda, don kada meshi ya zame.

2. Huda ramin a miƙe. Ɗan share bakinsa da meshi mafi girma, don taro ya samu wurin zama.

3. Ɗaura taro na fari a turnagoshi, ka ɗiga masa mai. Sa shi a rami, ka danna kaɗan, ka juya dama, yadda hannun agogo ke tafiya.

4. Bayan juyi biyu, tsaya. Duba ta gaba, ka duba ta gefe. Yana tsaye sak? In ya karkata, yanzu ne lokacin gyara: koma baya, ka sake kamawa. In ya yi zurfi a karkace, ba ya miƙuwa, sai dai ya karye. Ga dabara: samu guntun katako mai kauri, ka huda shi a miƙe daidai kaurin taro, ka ɗora bisa ramin. Shi zai riƙe maka taro a tsaye.

5. Da ya kama, daina dannawa. Shi da kansa zai ja kansa ciki. Juya rabin juyi gaba, ka komo kwata baya. Za ka ji wani ɗan ƙas a hannunka. Garin ƙarfe ne ya karye, ya faɗa kwari. Haka za ka yi ta yi: rabi gaba, kwata baya, ɗigon mai.

6. In na fari ya gama, fitar da shi a hankali, ka share ramin. Sa na biyu da yatsu har ya bi hanyar da aka buɗe, sa'an nan ka ɗora mariƙi. Haka na uku.

7. Gwada da bulon mai kyau. Ya kamata ya shiga da yatsu, ba ya girgiza.

Maganar mai: baƙin ƙarfe yana son mai. In babu man yanka, man inji ya fi babu. Alminiyam yana son kananzir. Ƙarfen zubi, wanda makanikai ke ce wa fonti, a bushe ake yanka shi, garinsa kamar toka yake fita.

In ramin bai ɓulle ba, wato yana da gindi, sai ka ƙara kula. Gari yana taruwa a ƙasa. Riƙa fitar da taro kana zazzagewa. Auna zurfin ramin da tsinke, ka ɗaura zare a jikin taro daidai wannan tsawo. In zaren ya iso baki, ka iso ƙasa. Juyi ɗaya bayan wannan, taro ya karye.

Abin da ke karya taro

Taro ya fi ƙarfen da yake yankawa tauri, amma tauri irin na kwalba: ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle. Ƙananan, M4 da M5 da M6, sun fi saurin karyewa.

Kada ka juya shi da kile ko filaya. Hannu ɗaya yana tura shi gefe. Hannu biyu daidai wa daida, shi ya sa aka yi turnagoshi. In ka ji ya yi nauyi, yana murɗewa kamar ɗanyen kara, tsaya. Koma baya, share, sa mai. Sannu ba ta hana zuwa.

In ya karye fa? Wannan ita ce babbar wahala, don meshi na kullum ba ya cin taro. In guntun ya leƙo waje, ɗiga mai, ka kama shi da filaya, ka juya hagu sannu-sannu. In ya karye daidai baki, mai walda yana iya liƙa masa ekuru a kai, a kwance da kile. In ya nutse ciki, wani lokaci sai an farfasa shi da tsinken ƙarfe da guduma, ramin kuma ya lalace. Ka ga gyaran minti goma ya zama aikin yini, da kuɗin mota zuwa birni.

Aiki da filiyer

Nemi sandar ƙarfe mai santsi, marar tauri. Rodin gini mai gurza-gurza bai dace ba. Kaurin sandar ya yi daidai da lambar filiyer, ko ya gaza da ɗan kaɗan: don M10, wajen milimetir 9,8 ya fi daɗin yanka.

Matse sandar a tsaye cikin eto. Goge bakinta da magagari, ka ɗan fiƙe shi kewaye, kamar fensir da aka fara feƙewa. In ba ka yi haka ba, filiyer ba zai hau ba.

Filiyer yana da fuska biyu. A ɗaya, bakin ramin ya fi faɗi, haƙoran farko gajeru ne. Wannan fuska ce ke fara hawa sanda. Ɗaura shi a mariƙinsa, ka sa mai, ka danna da tafin hannu kana juyawa dama. Bayan juyi biyu, duba ko hannayen mariƙin suna kwance daidai, kada ɗaya ya fi ɗaya sama. In ya hau a karkace, haƙoran za su fito a karkace, ekuru ba za ta zauna daram ba. Daga nan aikin ɗaya ne da na taro: rabi gaba, kwata baya, ɗigon mai.

Filiyer yana da wani amfani da za ka fi bukata kullum. Bulon da guduma ta taɓa, ko wanda tsatsa ta ci, ana bi ta kansa da filiyer mai lambarsa, ya tashi kamar sabo. Haka taro na uku yake wanke ekuru. Amma ka sani, suna gyara haƙorin da ya lanƙwashe ne, ba su mai da wanda ya zube.

In haƙoran rami sun zube

In akwai nama kewaye da ramin, sai ka hau mataki ɗaya. Ramin M6 da ya lalace, huda shi da meshi 6,8, ka yanka M8, ka sa sabon bulon M8. In bangon siriri ne, kada ka yi, zai tsage.

Ramin buji a kan injin moto ko motopompi daban yake. Alminiyam ne, takinsa ƙanana ne, misali M14 x 1,25 ko M10 x 1, kuma garin ƙarfe in ya faɗa cikin inji ɓarna ce. In ya zube, kai wa makanike ya sa masa sabon gida na ƙarfe. Rigakafinsa kuwa a hannunka yake: kullum fara ɗaura buji da yatsu, kile daga baya.

Inda ba a gwaji

Ɗan'uwa, saurara da kyau. A kan wasu bulon za ka ga an rubuta 8.8 ko 10.9. Wannan alamar ƙarfi ce, an gasa su a masana'anta. Bulon da ka yanka a gida daga sanda mai taushi bai kai su ba, ko da ido ya ga kamarsu ɗaya. Ya isa ga ƙofa, da tebur, da mariƙin garma, da akwatin amalanke. Amma birki, da sitiyari, da ƙafar mota ko ta moto, da duk abin da rai ke bisansa, sabon bulon mai lambarsa za ka saya. Kuɗin bulon bai kai kuɗin likita ba.

Garin ƙarfe kuma yana da kaifi. Kada ka hura shi da baki, zai faɗa maka ido. Kada ka share shi da yatsa. Yi amfani da ɗan buroshi ko tsumma. Tattara shi ka zubar nesa da inda yara ke yawo ba takalmi.

In ka gama, goge taro da filiyer, ka shafa musu mai, ka mai da kowanne gurbinsa. In suna gugar juna cikin gwangwani, bakinsu zai dakushe. Wajen saye, wanda aka rubuta wa HSS ya fi jurewa. Ba dole ka sayi babban akwati ba: M6, M8, M10 da M12, da meshinsu, sun ɗauke yawancin aikin ƙauye. In kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƴan ƙungiya su haɗa, a ajiye wurin maƙerin gari, a buɗe littafi: wanda ya ara, da ranar da ya mayar.

Kafin ka taɓa injinka, gwada hannunka a kan guntun ƙarfen da ba a so. Huda rami biyar, ka yanka su. Na biyar zai fi na fari kyau.

Tambayoyi domin zaman ƙungiya

1. An rubuta M10 x 1,5 a wuyan taro. Mene ne 10? Mene ne 1,5?

2. Wane meshi za ka ɗauka don M6 x 1? Yi lissafin a allo.

3. Bulon ya shiga juyi biyu, ya cije. Me za ka yi?

4. Kowa ya kawo tsohon bulon daga gida. Ku auna kaurinsa, ku ƙidaya taki goma, ku rubuta sunansa.

To jama'a, nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa sana'armu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.